Tumatir Ne Ango: Sharhi Kan Sanwic ɗin Tumatir

   

Sharhinmu na yau a kan abinci ne. Abinci mara nauyi, mai daɗi, wanda ba ya cin itace ko gas da yawa, ba ya cin lokaci. Ina nufin sanwic ɗin tumatir. Burodi yanka biyu, da ɗanyen tumatir a tsakani.

Na san wani zai ce, "Haba, tumatir ai na miya ne." Gaskiya ne, haka muka taso muka tarar. Mu sayo shi, mu haɗa da attaruhu da tattasai, mu kai inji a markaɗa. A zuba a tukunya a tafasa har tsaminsa ya mutu. Wanda ya tsira daga tukunya kuwa, sai dai a gan shi yanka biyu a gefen tsire, ko a kan dafa-duka don ado. Mai ci ma yakan ture shi gefe.

To, ga abin da na zo da shi yau. Nunannen tumatir abinci ne da kansa. Yana da zaƙinsa, yana da ɗan tsaminsa, yana da ƙamshinsa. Idan an zaɓe shi da kyau, aka ba shi ɗan gishiri da ɗan lokaci, zai iya riƙe faranti shi kaɗai. A wannan haɗin, tumatir ne ango. Burodi da mai da gishiri da albasa duk 'yan rakiya ne. Ku riƙe wannan magana, domin za mu riƙa komawa gare ta.

Bari mu fara da inda abin ya samo asali, a taƙaice.

Tumatir ɗan nahiyar Amurka ta Kudu ne, daga yankin tsaunukan Andis, wajen ƙasashen Peru da Ikwado na yau. Mutanen Meziko ne suka raine shi har ya zama amfanin gona. A ƙarni na 16 Sifaniyawa suka tsallako da shi Turai. Turawa da yawa sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi, suna zaton guba ne. Da suka saba, sai ya shiga kowace tukunya. Daga nan ya bazu duniya har ya iso gare mu.

Mutane da dama sun gano cewa burodi da tumatir sun dace da juna. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, sukan gasa burodi, su raba tumatir gida biyu, su goga shi a jikin burodin har ruwansa ya shiga. Sai su ɗiga man zaitun, su barbaɗa gishiri. A Italiya sukan goga tafarnuwa a kan gasasshen burodi, su ɗora yankakken tumatir da ganye mai ƙamshi. A jihohin kudancin ƙasar Amurka kuwa, farin burodi ne mai laushi, da mayonis, da tumatir yanka mai kauri, da gishiri da masoro. Kowa da salonsa. Amma sun haɗu a kan abu guda. Dukkansu suna jiran lokacin tumatir, kuma ba sa binne shi da tarkace.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Ku dubi gurasa bandashe ta Kano. A yayyafa wa gurasa ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli mai yaji, a zuba man gyaɗa, a ɗora albasa da tumatir. Ku dubi dogon burodin nan na Maraɗi da Damagaram da Yamai, wanda ake tsagawa a tsaye a cika cikinsa. Ku dubi teburin mai shayi a bakin titi, inda ake yanka tumatir da albasa cikin ƙwai a tura a burodi. Ashe hannunmu ya riga ya san aikin. Abin da ya rage shi ne mu ba tumatir kujerar gaba.

Yanzu kuma bari mu leƙa gona, domin daga can daɗin yake farawa.

Allah ya hore mana tumatir a ƙasar Hausa. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin sanyi ya ga shaida. Kura, Kadawa, Garun Malam, Bunkure, filaye ne shimfiɗe da noman rani. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke bin magudanai yana shayar da su. A kasuwar Kwanar Gafan kwanduna ne jere iya ganinka. Haka abin yake a Ɗanja ta jihar Katsina, da fadamun ƙasar Zazzau. Daga waɗannan wurare ake loda manyan motoci, su kwana suna tafiya har kasuwar Mile 12 da ke Legas.

Daga wajen watan Janairu zuwa Maris kaka ce ta tumatir. Yakan yi yawa har ya rasa mai saye. Manomi ya sha wahalar reno da dashe da ban ruwa, sannan ya zauna yana kallon kwandonsa yana zubar da ruwa a rana. Wani ya yanka ya shanya, wani ya yi asara. Da damina ta kankama kuma, sai tumatir ya yi ɓatan dabo, farashi ya haura. Ba mu manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonaki. Har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar, gidaje da yawa sun san darajar abin da suka saba rainawa.

Darasin a nan shi ne, sanwic ɗin tumatir abincin kaka ne. Lokacin da tumatir ya fi araha, a lokacin ya fi daɗi, domin ya nuna a jikin uwarsa, kuma bai yi doguwar tafiya ba. Wannan rahama ce. Mu ci moriyarta tun tana hannu.

To, mun iso kasuwa. Yaya za a zaɓi angon?

Kada ku tsaya daga nesa ku ce a zuba muku kashi biyu. Ku matsa kusa da tiren. Ku ɗauki ƙwaya ɗaya ku ɗora a tafin hannu. Tumatir mai kyau yana da nauyi fiye da yadda ido ya zata. Fatarsa a miƙe take, tana sheƙi, babu yanƙwana, babu tsaga, babu baƙin tabo. Ku ɗan matsa shi a hankali da babban yatsa. Idan ya yi tauri gau, bai kai ba. Idan yatsa ya nutse, ya wuce. Wanda muke nema shi ne mai ɗan sassauci kaɗan, ya ba da kai amma bai lotse ba.

Sannan ku juya shi ta wajen hancinsa, inda aka tsinke shi daga reshe. Ku kai kusa da hanci ku shaƙa. Nunannen tumatir yana da wani ƙamshi na ɗanyen ganye, irin wanda ke manne wa hannun mai tsinka a gona. Idan kun ji wannan ƙamshi, kun samu. Idan ba ku ji komai ba, to a baki ma da wuya ku ji wani abin kirki.

Tumatir iri-iri ne. Akwai dogon nan mai tsoka da ƙarancin ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira UTC. Shi ba ya saurin jiƙa burodi. Akwai kuma kewayayye mai ruwa da 'ya'ya, wanda yakan fi ɗanɗano idan ya nuna sosai. Kowanne zai yi. Sharaɗin kawai ya nuna, kuma ya kasance lafiyayye.

Ina jaddada kalmar lafiyayye. Akwai tumatirin da ya fashe ko ya fara ruɓewa, wanda ake warewa gefe a sayar da araha. Wannan kada ya kusanci burodinku. Inda fata ta tsage, ƙuda ya sauka, ƙura ta shiga, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Abin da za a ci ɗanye ba a yi masa rangwame. Gara guda biyu masu kyau da cikin leda na marasa kyau.

Mun dawo gida. A ina za a ajiye shi?

A nan mutane da yawa ke kashe daɗin tumatir ba su sani ba. Da an shigo da shi, sai a tura firji. Tumatir ɗan ƙasar ɗumi ne. Masana sun nuna cewa idan ya daɗe a sanyin da ya gaza digiri 12, ƙamshinsa yana raguwa, tsokarsa ta zama gari-gari a baki. Don haka wanda za a ci yau ko gobe, a shimfiɗa shi a faifai ko tire, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Kada a jibge shi kan juna. Kada a bar shi ƙulle a leda yana gumi.

Idan bai gama nuna ba, a ajiye shi kusa da nunanniyar ayaba. Ayaba na fitar da wata iska da ke gaggauta nunar 'ya'yan itace. Idan kuma ya nuna sosai, ga zafin bazara, to a nan firji na da amfani, don ya hana shi lalacewa. Sai dai a fito da shi tun da wuri, ya sake, sanyin ya fita kafin a yanka.

Yanzu ga wata gaɓa da ba a wasa da ita, wato tsafta.

Miya tana tafasa, wuta na kashe abin da ido bai gani ba. Tumatirin sanwic kuwa ba ya shiga wuta. Abin da ke jikin tumatir shi zai shiga ciki kai tsaye. Ga shi kuwa ya bi ta hannaye da yawa, ya kwana a kwando, an yayyafa masa ruwan da ba mu san asalinsa ba. Cututtuka irin su taifot da amai da gudawa ta abinci da ruwa marasa tsafta suke shiga.

Saboda haka a fara wanke hannu da sabulu. Sannan a wanke tumatir ɗaya bayan ɗaya da ruwan da za a iya sha. A riƙa zuba ruwan ana murza fatar da yatsu. Kada a jiƙa shi a roba a tafi a bar shi, domin ruwa na iya shiga ta hancinsa. Kada a sa masa sabulu ko garin wanki. A tsane shi da tsumma mai tsafta. Wuƙa da katakon yanka su ma a wanke su tas, musamman idan sun taɓa ɗanyen nama ko kaza. Rigakafi ya fi magani.

To, jama'a masu sauraro, ku ƙara kusanto da kunne. Mun zo zuciyar aikin, wato yanka da gishiri.

A nemi wuƙa mai kaifi. Dakusasshiyar wuƙa matse tumatir take yi, ruwansa ya tsiyaye a katako. A cire hancin. A kwantar da tumatir a yanka shi a kwance, zagaye-zagaye. Kada ya yi siriri har ana hango faranti ta cikinsa. Kaurin ya kusa faɗin ƙaramin yatsa. So muke haƙori ya san ya ciji wani abu.

Wasu sukan matse 'ya'yan da ruwan nan mai yauƙi su zubar. Don Allah a bar wannan. A cikin wannan ruwan da ya lulluɓe 'ya'yan ne sinadarin ɗanɗano ya fi taruwa. Shi ne irin sinadarin da ke sa daddawa da dunƙulen magi su ɗaga miya. Allah ya riga ya zuba wa tumatir nasa. Wanda ya zubar da shi ya zubar da rabin daɗin.

Sai a jera yankan a faranti, kada wani ya hau wani. A ɗebo gishiri da yatsu uku, a ɗaga hannu sama kaɗan, a barbaɗa ya sauka ko'ina. Sannan a dakata. A ba shi kamar minti 10.

Ku tsaya ku kalli abin da zai faru. Da farko za ku ga ƙwayoyin gishirin farare a kan jan tumatir. Jim kaɗan sai su jiƙe, su ɓace. Sai ƙananan ɗigon ruwa su fara tsattsafowa a fuskar yankan, suna haɗuwa da juna. Jan ya ƙara nuna, tsokar ta ɗan kwanta. A ƙasan faranti wani ruwa ja-ja ya taru a gefe. Gishiri ne ke jawo ruwa waje. Kusan kashi 95 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Da an rage kaɗan, sai zaƙi da tsami su taru wuri guda, ɗanɗano ya fito fili. Ga kuma riba ta biyu. Ruwan da ya fita a faranti ba zai fita a cikin burodi ya mai da shi caɓi ba.

Wannan ruwan na faranti ma kada a zubar. A dangwali gutsuren burodi a ci, ko a juye a miyar rana.

Wannan minti 10 ɗin shi ne sirrin. Idan kun manta da duk abin da na faɗa yau, ku tuna da shi. Gishiri, sannan haƙuri.

Yayin da tumatir ke hutawa, bari mu koma kan 'yan rakiya. Na farkonsu burodi.

Burodinmu na nan yakan zo da laushi da ɗan zaƙi. Idan aka ɗora masa abu mai ruwa, nan da nan yake sakin jiki. Maganin abin shi ne gashi. A ɗora kasko a wuta kaɗan, babu mai. A kwantar da yankan burodi har fuska ɗaya ta yi ruwan zuma, ta ɗan yi ƙaras. Wannan gasasshiyar fuska ita za ta kalli tumatir, ta tare ruwa. Ta waje kuma ta zauna da laushinta. Burodin da ya kwana ma ya fi karɓar gashi, don haka ba sai sabo ba.

Wanda ke da burodin alkama, madalla, ya fi riƙe ciki. Wanda ke da dogon burodin Nijar, ya tsaga ya cika. Wanda ke da gurasa, ya ɗumama ta, ya buɗe cikinta. A kula kawai da inda ake sayen burodi. Hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta sa sinadarin buromet a burodi saboda illarsa ga lafiya. A sayi na gidan burodin da aka sani, aka kuma amince da shi.

Ɗan rakiya na biyu shi ne maiƙo. Aikinsa biyu ne. Yana shiga tsakanin burodi da ruwan tumatir. Yana kuma ɗauko ƙamshi ya yaɗa shi a baki. Mai son mayonis ya shafa siriri, har ana hango burodin ta ƙasa. Mai man zaitun ya ɗiga kaɗan. Amma ba sai an je babban kanti ba. Man gyaɗa na gida, irin na masu ƙuli-ƙuli, idan aka soya shi da ɗan albasa aka bar shi ya huce, ƙamshinsa ya isa. Soyayyen man shanu kaɗan a kan burodi mai ɗumi shi ma ba ya da na biyu. Idan lokacin fiya ne, a dame rabinta da cokali, a matsa lemun tsami, a shafa. A zaɓi guda ɗaya daga cikin waɗannan. Guda ɗaya tak.

Na uku albasa. Muna da albasa mai suna, daga Galmi a Nijar har Aliero a jihar Kebbi. Amma ɗanyar albasa bakinta da kaifi. Idan aka sake ta, ita kaɗai za a ji. A yanka ta siriri ƙwarai. A jiƙa ta a ruwan sanyi na ɗan lokaci, a tsane. Zafin zai tafi, zaƙin ya zauna. Zobe uku ko huɗu sun wadatar.

Na huɗu ɗan abin ƙamshi. Ganyen ɗoɗɗoya biyu ko uku, a yayyaga da hannu. Ko na'ana'a. Ko ɗan lansir, mai ɗan yaji-yaji a harshe. A bi da garin masoro kaɗan. Mai son ɗanɗanon gida sosai ya barbaɗa yajin ƙuli, amma ya rage gishirin farko, domin yajin na ɗauke da nasa.

A nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Sai a ce bari a ƙara kifin gwangwani. Bari a ƙara kabeji da karas da waken gwangwani. Bari a ƙara soyayyen ƙwai da tsiran nama. Kafin a ankara burodi ya kasa rufuwa, mai ci ya rasa me yake ci. Wancan wani abincin ne daban, kuma yana da ranarsa. Amma yau bikin tumatir muke yi. A ƙasar Hausa ba a yarda abokin ango ya fi ango ado ba. Tumatir ne ango, sauran duk 'yan rakiya ne.

To, mu haɗa.

A shimfiɗa burodi yanka biyu, gasasshiyar fuska tana sama. A shafa maiƙon a duka biyun har bakin gefe. A ɗauko yankan tumatir, a ɗan girgiza ruwan ya ɗiga. A jera su a kan yanka ɗaya, kowanne ya ɗan hau gefen ɗan'uwansa, har burodin ya rufe. A ɗora albasa, a yafa ganye, a barbaɗa masoro. A rufe da ɗaya yankan. A ɗora tafin hannu a danna a hankali. A raba shi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa.

Sai a yi bisimilla a ci nan take. Wannan abinci ba ya son jira. Daɗinsa na cikin ɗumin burodi da sanyin tumatir a loma ɗaya. Idan guzuri ne na ofis ko na makaranta, a sa tumatir a ƙaramin mazubi mai murfi, burodi a nasa, a haɗa lokacin ci. Kuma yankakken tumatir ko abin da aka shafa wa mayonis kada ya wuce awa 2 a waje. Idan ana tsananin zafi, awa 1 ma ta isa.

Yanzu bari in amsa tambayar da na san tana ran wasu magidanta. "Wannan zai ƙosar da mutum kuwa?"

Manomin da zai wuni yana huɗa, ko lebura mai ɗaukar bulo, tuwonsa da ɗumamensa suna nan, babu mai taɓa su. Amma ba kowane lokaci ne ciki ke neman nauyi ba. Akwai safiyar da ake sauri. Akwai la'asar ɗin da yara suka dawo daga Islamiyya suna neman abin taɓawa. Akwai daren bazara da zafi ya hana sha'awar tuwo. Akwai buɗa-baki na azumi, inda muka saba cika faranti da soye-soye har a kasa tsayuwar tarawihi. A irin waɗannan lokuta abinci mara nauyi alheri ne. Wanda kuma yake son ƙarin ƙarfi, ya dafa ƙwai ɗaya ko ya soya awara ya ajiye a gefe, ya kora da shayi ko kunu.

Ta fuskar lafiya ma akwai riba. Tumatir na ɗauke da bitamin C, wanda doguwar tafasa ke ragewa. A miya kuwa jiki ya fi samun sinadarin nan mai ba tumatir launin ja, wanda ake kira laikofin, musamman idan da mai. Kun ga ke nan dafaffe da ɗanye kowanne da amfaninsa. Mun daɗe muna cin moriyar dafaffe. Sauran mu ƙara da ɗanye. Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. Manyan tumatir biyu a cikin burodi sun rage wa mutum hanya.

Sai dai kowa ya san jikinsa. Mai hawan jini ya sassauta hannu a gishiri, ya ƙara lemun tsami da ganyen ƙamshi. Ita dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini ɗaya gaba ɗaya kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mai ciwon suga ya kula da yawan farin burodi, ya fifita na alkama, ya bi shawarar likitansa. Wanda tumatir ke tayar wa ƙwannafi ya ci kaɗan, kuma kada ya ci dab da kwanciya.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya fara yi mana halinsa. Bari mu tattara.

A zaɓi tumatir lafiyayye wanda ya nuna. A ajiye shi a inuwa. A wanke shi da ruwa mai tsafta. A yanka da kauri, a barbaɗa gishiri, a yi haƙuri. A gasa burodi, a shafa maiƙo siriri, a taƙaita 'yan rakiya. A ci nan take.

Kalmata ta ƙarshe gare ku ita ce, ku gwada a wannan makon. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Uwargida, ki kira yaranki maza da mata su tsaya kusa da ke. Ɗaya ya wanke, ɗaya ya barbaɗa gishiri, ɗaya ya jera. Yaron da ya haɗa abinci da hannunsa ba ya ture tumatir gefe. Magidanta, idan kun biya ta kasuwa, ku zaɓo da kanku, kuma ku biya mai tumatir haƙƙinsa da daɗin rai, domin bayansa akwai manomin da ya kwana yana ban ruwa cikin sanyi. Ɗalibai da gwauraye, wannan abinci bai fi ƙarfin aljihunku ba, kuma bai fi ƙarfin hannunku ba.

Allah ya albarkaci gonakinmu, ya kare su daga tsutsa da fari. Allah ya ba manomanmu kasuwa mai kyau. Allah ya sa abin da za mu ci ya zame mana lafiya.